Giwar Malam Selba

Shekarar da rijiyar makarantarmu ta ƙafe,
muna jan ruwa a kududdufi can bayan Gwaram,
aka kawo mana malamin lissafi, baƙi kamar mu,
gashi kwance, harshe na gangara kamar tsakuwa a ƙwarya.
Selbaratnam sunansa. Muka datse, muka ce Malam Selba,
bai ji haushi ba.

Wata Alhamis ruwa ya tsare mu a aji,
kwano na ihu, alli ya jiƙe, lissafi ya ƙi shiga.
Sai ya rufe littafi, ya zana tsibiri a allo,
kamar ɗigon da ya kuɓuce wa bakin tulu,
ya ce: nan aka binne cibiyata.
Mu kuwa ko Kano ba mu sani sosai ba,
balle teku, wadda ba mu taɓa gani ba.

Ya ce kakarsa ta ce, zamanin da Fotugis suka sauka
da igwa da ganuwar dutse a bakin ruwa,
sun aza wa wani hakimin Tamil gandu:
duk shekara giwaye masu haure, a ɗaure,
da samari masu dakon dutse, ba lada.
Ta fari ya kai. Ta biyu ya kai.
Ta uku ya tsaya a bakin tafkin kakanninsa,
ya ga giwa na jan sarƙa, ƙuda na bin ƙafarta,
ya ce a kwance ta.
Sarƙar ya naɗe ya aika musu,
bai haɗa da wasiƙa ba.

Daga nan daji ya zama nasa, rana ta zama tasu.
Ya tare hanya, ya cinna wa albarushinsu wuta,
damina biyu suna kwana da takalmi.
Amma ɓeran gida shi ya san bakin rumbu:
wani ɗan ɗakinsa ya karɓi zobe, ya nuna tafki.
Suka same shi tsamo-tsamo yana wanka,
suka kai shi kasuwa, suka tara jama'a.
Ɗanliti ya ɗaga hannu daga bencin baya:
Malam, to ya ci nasara ke nan, ko ya faɗi?
Malam ya share tsibirin da tafin hannunsa,
ya dubi ƙurar allin,
bai amsa ba.

Da magariba na kai labarin tsakar gida.
Kakata Tabawa na ɓarar gyaɗa a faifai,
ta ce: giwa? Mu nan fara ce.
Shekarar da ta lashe gero har kara,
Nasara ya aiko a ƙirga kawuna, a biya haraji.
Ubana Nomau, dagacin garin nan,
ya cika kwando da fara, ya ɗinke baki,
ya ce a kai: ga abin da muka girbe.
Suka warware masa rawani a gindin kukar can,
suka tasa shi gaba da ankwa, ina goye.
Ta hure ɓawo. Ta ce: akwai takalminsa a ɗaka,
shi ne dai bai dawo ba.

Da safe ta ƙulle gyaɗa a tsumma ta ba ni:
ka ce daga 'yar Nomau, a gaida mutanen mai giwa.
Malam ya saurara, ya sa na maimaita,
ya ɓare guda, ya daɗe yana tauna,
ya ce ta yi gishiri. Ita kuwa Tabawa
ba ta sa gishiri ba.

Ya koma ƙasarsu ana tsakiyar wani yaƙin.
Na rubuta sau uku, ban ji komai ba.
Yau ni ke riƙe da alli a ajin nan,
kwanon ya tsufa, yana yoyo daidai bencin baya.
In ruwa ya tsare mu nakan zana ɗigon nan a allo,
kuma duk shekara sai an samu mai ɗaga hannu.
Nakan ce: giwar dai ta shiga daji,
ba a sake kama ta ba.